Me ya sa Hollywood ta hana nuna ɗan ƙwaya a fim? Muhawara daga zauren masu son tsofaffin fina-finai

Na-Fagge:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga manyanmu. Fim ɗin nan The Man with the Golden Arm na 1955, wanda Frank Sinatra ya fito a ɗan ƙwaya, duk inda ka duba sai a ce maka shi ya karya lagon masu tace fina-finai na Hollywood. Na zauna na kalle shi kaf ina jiran in ga abin tayar da hankalin, shiru. Ko sunan ƙwayar ba a ambata ba. Wurin allurar ma, ana zuwa sai kyamara ta gudu kan fuskarsa. To me aka hana? Ko dai zuzutawa ce kawai?

Baffan Yara:
Wa alaikumus salam ɗana. Da idon yau ka kalla, shi ya sa. A lokacin batun ne ɗungurungum aka haramta, ko ka nuna allura ko ba ka nuna ba. Kamfanonin fim na Amurka suna da ƙungiya, shugabanta Will Hays, kuma a 1930 suka amince da wani kundin ƙa'idoji da mutum biyu 'yan Katolika suka tsara, Martin Quigley mai buga mujallar harkar fim da wani limamin coci Daniel Lord. Shekara huɗu kundin yana nan ana yi masa riƙon sakainar kashi. Sai a 1934 da cocin Katolika ya fara sa mabiyansa rantsuwar ƙaurace wa fina-finan baɗala, aka buɗe ofishi na musamman aka ɗora Joseph Breen a kai. Daga nan babu fim ɗin babban kamfani da zai fita sai da hatimin ofishinsa, wanda ya saɓa kuma tarar dala 25,000. Tun labari yana takarda ake kai masa ya duba, kafin a kunna kyamara. A cikin kundin akwai layi guda da ya ce kada a taɓa nuna fataucin miyagun ƙwayoyi. A 1951 aka ƙara ɗaure shi, aka ce har shi kansa shaye-shayen ba a yarda a nuna ba. To daraktan fim ɗin, Otto Preminger, ya ɗauko labarin da tun daga farkonsa har ƙarshe ɗan ƙwaya ne jarumi. Babu wurin da za a sa almakashi a ce an gyara.

Na-Fagge:
To Baffa da aka hana shi hatimin yaya aka yi ya fita?

Baffan Yara:
A Disamban 1955 aka hana shi. Kamfanin da ke rarraba fim ɗin, United Artists, ya ce a kai kasuwa, ya fice daga ƙungiyar ya saki fim ɗinsa haka nan. Jama'a suka yi cincirindo, aka samu kuɗi, har aka sa sunan Sinatra cikin masu takarar Oscar, ko da yake Ernest Borgnine ne ya ɗauka a shekarar. Shekara guda cif bayan haka, Disamban 1956, aka sake rubuta kundin aka halatta batun ƙwaya bisa sharuɗɗa. Shi kansa fim ɗin sai a 1961 aka ba shi hatimin, lokacin da ba ya da sauran buƙatarsa.

Abu Maryam:
Ni fa ban ga abin tafi a nan ba. Mutane sun zauna sun ce kada a koya wa yara yadda ake ɗaure hannu a soka allura, wani ya zo don neman kuɗi ya take dokar, mu kuma muna yi masa kirari. Baffa, da girmanka, ka faɗa mana tsakani da Allah: tun da aka buɗe ƙofar nan shaye-shaye ya ragu a Amurka ko ƙaruwa ya yi?

Baffan Yara:
Ƙaruwa ya yi, Malam. Amma kafin ka ɗora wa fim laifi ka tuna cewa a 1951, shekarar da aka ce ko ambaton abin kada a yi a fim, a shekarar ce majalisar Amurka ta yi dokar Boggs mai tilasta ɗaurin shekaru ga duk wanda aka kama da ƙwaya. Me ya sa ta yi? Saboda heroyin ta riga ta shiga unguwannin New York da Chicago bayan yaƙin duniya na biyu. Shekara goma sha bakwai ke nan tun 1934 sinima ta yi gum da bakinta kan mai shan ƙwaya, abin bai hana ba.

Anti Bilki:
Ku bar ni in shigo ta wata ƙofar, don ni rubutun labari nake yi. Ina ganin takurawar nan ta yi wa fina-finan duhun nan na masu laifi da 'yan bincike, waɗanda ake kira film noir, amfani ta hanyar da Breen bai nufa ba. Ku ɗauki Kiss Me Deadly, shi ma na 1955. A littafin Mickey Spillane, abin da kowa ke kashe kowa a kansa ƙwaya ce. Ba dama a nuna wannan, sai marubucin fim ɗin, Bezzerides, ya mayar da shi wani akwati mai zafi wanda in an ɗan ɗaga murfinsa haske ke fitowa da wata irin ƙara kamar numfashi. Ƙarshen fim ɗin matar nan ta buɗe shi, gida ya kama da wuta a bakin teku. Da an bar shi a kan ƙwaya, da tuni an manta da fim ɗin cikin ɗaruruwan irinsa. Haka The Big Sleep na 1946: jarumin, Humphrey Bogart, ya shiga wani gida ya tarar da wata yarinya Carmen zaune a kujera tana dariya ita kaɗai, gawa kwance a gabanta, ga kyamara a ɓoye cikin wani mutum-mutumi. Ba wanda ya ce maka ta sha wani abu, ba wanda ya ce hoton me ake ɗauka. Amma duk babba ya gane. Yaro kuma ya wuce bai gane ba. Wannan ai gwaninta ce.

Ɗan Damagaram:
Anti, The Big Sleep ɗin da kike yabo, mutane nawa ne suka gama shi suka fahimci wa ya kashe wa? A littafin Raymond Chandler da aka ɗauko fim ɗin daga ciki abin a fili yake, mutumin sana'ar hotunan batsa yake yi, yarinyar kuma tsirara aka same ta a buge. A fim an cire wannan, an cire wancan, har labarin ya rasa ƙashin baya. Masu sharhi na Faransa da suka raɗa wa irin waɗannan fina-finai sunan film noir a 1946, irin su Nino Frank, abin da ya burge su shi ne duhu da rashin imanin mutanen ciki. Ban ga inda suka gode wa Breen ba.

Anti Bilki:
Ban ce a gode masa ba Ɗan Damagaram. Cewa na yi wanda aka ɗaure wa hannu ɗaya yakan ƙware da ɗayan. Ka kalli Murder, My Sweet na 1944, wurin da aka ɗura wa Dick Powell allura aka kulle shi a ɗaki. Ƙofofi a jere yana ta faɗawa ciki, ga wani abu kamar yanar gizo-gizo ya rufe hoton. Wannan ya fi a nuna min sirinji sau goma.

Maman Hanifa:
Anti Bilki kin kawo misalai uku, amma ki lura da abu guda. A dukkansu babu mai shaye-shaye a matsayin mutum. Ɗaya akwati ne, ɗaya yarinya ce da ake kallo daga nesa ana taɓe baki, ɗaya kuma jarumi ne da miyagu suka yi wa allura da ƙarfi, gari ya waye ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa. Ni aikin jinya nake yi, kuma na daɗe a sashen masu taɓin hankali inda ake kawo mana yaran nan. Abin da dokar ta ɓoye shi ne mutumin da ke son ya daina ya kasa. Shi ne fim ɗin Sinatra ya fito da shi, kuma shi ya sa nake ganin Na-Fagge bai kalli wurin da ya kamata ba.

Na-Fagge, koma wurin da ya tsallaka titi ya bi dilan nan Louie zuwa ɗakinsa. Dubi yadda Louie ke jera kayan aikinsa ɗaya bayan ɗaya ba gaggawa, kiɗan yana bugawa daidai da kowane abu da ya ajiye. Shi kuwa Frankie, wato Sinatra, ya riga ya naɗe hannun riga. Mutumin da ya sauko daga bas da ganguna, yana ta gaya wa kowa ya warke. Sannan kyamara ta matso kan idonsa, ka ga yadda fuskar ta saki. Wannan sakin fuskar na sha ganinsa ido da ido. Sai kuma wurin gwajin kiɗa, bayan ya kwana ya wuni yana rabon karta a gidan caca: ya zauna a gaban ganguna, sandunan suna kuɓuce masa, makaɗa sun yi tsit suna kallonsa, ya tashi ya fita ba wanda ya kore shi. Ni a wurina wannan ya fi wurin allurar ciwo.

Na-Fagge:
Mama wurin gwajin kam ya taɓa ni. Kuma kiɗan fim ɗin gaba ɗaya wani abu ne daban.

Ɗan Damagaram:
Elmer Bernstein ne ya tsara shi, jaz zalla, kuma ainihin makaɗin da ake jin gangarsa Shelly Manne ne. Har zanen hannun nan a karkace da ke fitowa a farkon fim, aikin Saul Bass, ya zama abin koyarwa a makarantun zane. Preminger ya san abin da yake sayarwa. Hannun ya sa a gaba a allon talla.

Abu Maryam:
To kun ji. Ya san abin da yake sayarwa. Mutumin nan ai ba yau ya fara ba, ko a 1953 ya saki The Moon Is Blue babu hatimi, ya ga rigima tana kawo ciniki, ya sake. Ku daina mayar da shi wani mai jihadin gaskiya.

Baffan Yara:
A nan kam ina tare da kai Malam Abu Maryam, ɗan kasuwa ne na bugawa a jarida, kuma mai taurin kai. Marubucin littafin da aka ɗauko fim ɗin daga ciki ma, Nelson Algren, bai ji daɗinsa ba ko kaɗan. An kai shi Hollywood ya rubuta fim ɗin, ba a je ko'ina ba suka ɓata, aka kawo Walter Newman ya maye gurbinsa. Har ya mutu yana jin haushin abin da aka yi wa littafinsa.

Amma abin da nake so zauren nan ya gane, ƙarfin halin Preminger kaɗai ba zai yi komai ba da a 1940 ne. Abu biyu suka faru kafin shi. Na farko, manyan kamfanoni biyar, Paramount da MGM da Warner da Fox da RKO, su ke yin fim kuma su ke da manyan gidajen sinima na birane. Fim ɗin da ba shi da hatimi ba shi da inda za a haska shi, sai ƙananan rumfuna na bayan gari. A 1948 Kotun Ƙolin Amurka ta ce wannan babakere ne, dole su rabu da gidajen sinimar. Da mai sinima ya zama mai zaman kansa, abin da ya dame shi kujeru su cika, ina ruwansa da hatimi? Na biyu, a 1952 kotun ta yanke hukunci a shari'ar wani fim ɗin Italiya, The Miracle, cewa fim yana cikin abin da 'yancin faɗar albarkacin baki ya kare, ta soke matsayinta na 1915 da ya ɗauki fim a matsayin kasuwanci kawai. Ƙara da cewa talabijin ta shigo gidaje tana kwashe 'yan kallo, dole sinima ta nemo abin da ba za a gani a falo ba. Breen kuma ya yi ritaya a 1954, Geoffrey Shurlock ya gaje shi. Ko cocin Katolika da ake tsoro bai sa fim ɗin a sahun haramtattu ba, matakin tsakiya ya ba shi, na wanda ke da abin ƙi a wani ɓangare. Jihar Maryland ta ce sai an yanke wurin allurar, aka je kotu a 1956, kotu ta ce fim ɗin bai koyar da shan ƙwaya ba bai kuma yi kira gare shi ba. Duk ginshiƙan sun riga sun zube, Preminger turawa kawai ya yi.

Anti Bilki:
Baffa me aka canza daga littafin da har Algren ya fusata haka?

Baffan Yara:
Kusan komai mai ɗaci, 'yata. Littafin ya fito a 1949, shi ne ma ya fara cin babbar kyautar adabi ta ƙasa a Amurka a 1950. A ciki mofin Frankie yake yi, wadda ya saba da ita saboda raunin da ya samu a yaƙi. Shi da kansa ya kashe dilan. Ƙarshe kuma, 'yan sanda na nemansa, ya rataye kansa a wani ɗakin haya. A fim an ɗauke kisan an ɗora wa matarsa Zosh, wadda aka mayar maƙaryaciya: tana zaune a keken guragu da usur a wuya, alhali ƙafarta lafiya lau, don kawai kada ya bar ta. Louie ya shigo ya gan ta a tsaye, ta ingiza shi ya faɗo daga bene. Da asiri ya tonu ta busa usur ɗin ta faɗa ƙasa ta mutu. Frankie kuma ya tafi da Molly, budurwar da Kim Novak ta fito a matsayinta, an wanke shi tas.

Anti Bilki:
To ashe fim ɗin da ake cewa ya karya doka, dokar ya bi sau da ƙafa. Mai kisa ta mutu, mai kirki ya tsira. Ai wannan shi ne ainihin abin da Breen ya yi shekara ashirin yana nema, kowane mai laifi ya ga sakayya kafin a kunna fitila.

Maman Hanifa:
Kuma a nan ne nake da ƙorafi a kan fim ɗin, duk da yabon da na yi masa. Wurin da Molly ta kulle shi a ɗakinta, ta kwashe duk abin da zai iya ji wa kansa ciwo da shi, an yi shi da kyau. Makyarkyata, murɗawar ciki, birgima a ƙasa, roƙo yana dukan ƙofa, har ta lulluɓe shi da duk bargon da ke ɗakin. Haka abin yake. Amma sai aka nuna kamar da kwanakin nan suka wuce shi ke nan, ya yi aski ya fito sabon mutum. Wallahi kwanakin nan su ne masu sauƙi. Wahalar tana wata na uku, na shida, ranar da ya gamu da tsohon abokinsa a bakin titi, ko ranar da aka ce masa babu aiki. Iyaye da yawa suna zuwar mana da wannan tunanin, a ɗaure shi mako biyu a sallamo musu shi. Shi kansa Frankie ai daga asibitin gwamnati na Lexington ya dawo a farkon fim, bayan watanni, bai daɗe ba ya koma ruwa. To me zai sa kwana uku a ɗakin budurwa su yi abin da asibiti bai yi ba?

Baffan Yara:
Hajiya, za ki yi mamaki. A cikin sharuɗɗan da aka sa a kundin 1956 akwai wanda ya ce kada fim ya nuna cewa ana iya barin ƙwaya da sauri ko cikin sauƙi. Sauran sun haɗa da kada a nuna dalla-dallar yadda ake samu ko ake sha, kada a ƙawata ribar fataucin, kada a fito da daɗin da ake ji na ɗan lokaci, kada a nuna yara suna sha ko suna sayarwa da saninsu.

Maman Hanifa:
Ikon Allah. To wannan sharaɗin guda dai da ni aka tambaya da na sa hannu.

Abu Maryam:
Alhamdu lillahi, an zo wurina. Ashe tacewa tana da amfani.

Maman Hanifa:
Malam kada ka yi saurin murna. Tsakanin a ce kada ka yi ƙarya a kan abu da a ce kada ka ambace shi sam, akwai tafiya mai nisa. Na 1956 na yaba, na 1951 kuwa ban ga wanda ya amfana da shi ba.

Ɗan Damagaram:
Akwai wanda ya amfana mana. Ku tambayi Baffa labarin Anslinger.

Baffan Yara:
Harry Anslinger, shugaban hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta tarayya daga 1930 zuwa 1962. A 1946 an taɓa sassauta layin nan na kundin, ba don kowa ba sai don a samu a yi To the Ends of the Earth, wanda ya fito a 1948. Dick Powell ne jami'in gwamnati yana bin sawun masu safarar ofiyom daga Shanghai zuwa Masar zuwa Kuba, da haɗin kan hukumar, har Anslinger da kansa ya fito a ciki. A bayansa aka yi irin su Port of New York na 1949, inda Yul Brynner ya fito a uban masu fasa-ƙwauri. Duk labarin jami'i ne: kaya a jirgin ruwa, kwastam, bibiya, kamu. Wanda zai sha kayan ba a ganinsa. Wato in za ka ba da labarin daga bakin hukuma, ƙofa a buɗe take. In daga bakin wanda abin ya kama ne, a rufe.

Na-Fagge:
To giya fa? Na ga The Lost Weekend tun 1945 aka yi shi, kuma mashayi ne jarumin.

Anti Bilki:
Har ya ci Oscar na fim mafi kyau, Ray Milland ma ya ci nasa. Kwalba a rataye da igiya ta bayan taga, wata a ɓoye cikin kwanon fitilar silin, tafiyar nan da ya yi da keken rubutunsa yana neman inda zai jinginar duk shaguna a rufe. Giya halal ce a dokarsu tun da aka janye haramcin a 1933, shi ya sa. Haka Bigger Than Life na 1956, James Mason malamin makaranta da likita ya rubuta wa kotizon, ya riƙa zarce ƙa'ida har ya tashi yanka ɗansa. Wannan ya wuce saboda magani ne na kanti. A wurinsu abin da ke raba wanda za a tausaya wa da wanda za a ɓoye shi ne takardar likita.

Maman Hanifa:
Kuma ku duba waɗanda aka yi bayan an sassauta. A Hatful of Rain na 1957, sojan da ya dawo daga Koriya, a gadon asibiti ya saba da mofin. Monkey on My Back, shi ma 1957, tarihin ɗan damben nan Barney Ross, a fagen yaƙin Guadalcanal abin ya samo asali. Kowanne sai an ba shi uzurin soja kafin a yarda ɗan kallo ya tausaya masa. Yaron unguwa da ya fara don abokai ko don zaman banza, shi babu mai ba da labarinsa.

Ɗan Damagaram:
Abin da ke ba ni haushi a tarihin nan shi ne munafuncin. Wallace Reid, babban tauraro a zamanin fim marar magana, ya ji rauni a haɗarin jirgin ƙasa wajen ɗaukar fim a 1919, aka riƙa ba shi mofin don aiki kada ya tsaya. Ya mutu a Janairun 1923 yana da shekara 31. Irin wannan abin kunya na cikin abin da ya sa kamfanonin suka rungumi Hays ya wanke musu suna. Judy Garland tana 'yar shekara goma sha ake ba ta ƙwayar hana barci da rage ƙiba da rana, ta barci da dare, ita da bakinta ta faɗa daga baya. Ƙwayar barcin ce ta yi ajalinta a Landan a 1969. Robert Mitchum an kama shi da wiwi a 1948, ya yi zaman gidan yari, ya fito farin jininsa ya ƙaru. Bela Lugosi da ƙafarsa ya kai kansa asibiti a 1955 ya ce ya yi shekaru yana allura. Abin yana cikin gidansu, a allo ne kawai babu shi.

Abu Maryam:
Munafuncin masu doka ba ya mayar da doka banza, ɗan'uwa. Likita mai shan sigari in ya ce maka sigari na kisa, gaskiya ya faɗa. Ni damuwata ɗaya ce, kuma har yanzu ba wanda ya amsa min: yaro ɗan shekara goma sha biyar ya ga Sinatra, mawaƙin da duniya ke so, da kwat da kiɗa mai daɗi, ga kyakkyawar mace tana jinyarsa. Me zai tsaya masa a rai, birgimar ko kwalliyar? Mu nan Kano ai muna da hukumar tace fina-finai tun 2001, kuma da dalili aka kafa ta.

Baffan Yara:
Sai dai ka bambanta su Malam. Ta Kano hukumar gwamnati ce da doka ta kafa. Ofishin Breen kuwa na 'yan kasuwar ne da kansu, su ke biyansa albashi, sun kafa shi ne don kada gwamnatin tarayya ta kafa nata, kuma don kada kowace jiha ta riƙa yanka musu fim yadda ta ga dama. Shi ya sa ranar da lissafin kuɗi ya juya, ofishin ya fara mutuwa a tsaye, har aka maye gurbinsa da tsarin rarraba fim bisa shekarun ɗan kallo a 1968. Tambayarka ta yaro ɗan sha biyar, amsar da su suka ba ta ke nan: a bar fim ɗin, a hana yaron shiga.

Abu Maryam:
A zamanin da yaron ke da waya a aljihu, wa ke tsaye a bakin ƙofar?

Maman Hanifa:
Babu kowa, Malam, kuma wannan gaskiyarka ce. Amma ka tuna 2018. Shekara nawa muna ganin kwalaben kodin a kwata da bayan makarantu, kowa ya sani, ana ta magana ƙasa-ƙasa. Da BBC ta fito da binciken nan da ya nuna yaran a ɗaure da mari da masu sayarwa a ɓoye, cikin kwanaki gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Hoton ne ya motsa su.

Abu Maryam:
Wancan binciken 'yan jarida ne Hajiya, babu jarumi, babu kiɗa, babu soyayya. Kawo min irinsa goma in taya ki yaɗawa. Fim ɗin nishaɗi daban.

Anti Bilki:
To ai mu masu rubutu a nan muke maƙale. In na sa ɗan ƙwaya ya zama abin dariya, mai layi yana magana a jaye, kowa zai bar ni in wuce, kuma haka aka fi yi. In na sa shi ya zama ɗan gidan mutunci mai sallah wanda uwarsa ke so, ya daina ya koma, ya daina ya koma, sai a ce ina ƙawata abin. Alhali na biyun shi ne wanda Maman Hanifa ke gani a wurin aiki.

Maman Hanifa:
Shi ne kullum. Da 'yan mata ma, da matan aure, waɗanda ba a kawo su sai abin ya yi nisa saboda gudun abin faɗa. In za ki rubuta, Anti, roƙona ɗaya: kada ki warkar da shi a fitowa ta ƙarshe. Ki bar shi yana zuwa karɓar magani duk wata, ƙanensa na raka shi.

Na-Fagge:
Anti in kin rubuta ni zan yi miki haɗin hoto kyauta. Baffa, cikin waɗanda aka lissafa wanne zan nema gaba? Ina son mai duhun sosai, ba mai wa'azi ba.

Baffan Yara:
Nemi The Lineup na 1958, na Don Siegel, a titunan San Francisco aka ɗauke shi. Masu safara suna cusa heroyin cikin tsarabar matafiya ba da saninsu ba, Eli Wallach kuma shi ke bi gida-gida yana karɓowa. Akwai wurin da ya zo karɓar wadda aka ɓoye cikin 'yar tsanar wata yarinya, ya tarar ta gano ƙullin ta shafe wa 'yar tsanar fuska da shi a zaton hoda ce. Shekara uku kafin nan ko a takarda ba za a bari a rubuta wannan ba. In ka gama ka haɗa da Touch of Evil na Orson Welles, shi ma 1958, amma ka nemi wanda aka sake haɗawa a 1998 bisa bayanan da Welles ya bari, don na farkon kamfani ya yi masa aski.

Ɗan Damagaram:
Na-Fagge ka fara da Touch of Evil, ka ji da ni. Baffa son Don Siegel ne ya yi masa yawa.